Naman Sadakar da Na Bi Gida-gida Na Karɓo

Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Abokan aikina a sarbis ɗin kiwo na Gure, wato ma'aikatar kula da dabbobi, sun sani, matata ta fi su sani. Amma akwai mutum ɗaya a duniya da ban taɓa ɗaga wa murya ba sai rana guda, ita ce yayata. Wannan rana guda ɗin ce nake so in faɗa.

Yaya ita ta raine ni. Mahaifiyarmu ta rasu ina ɗan shekara uku, da aka yi wa Yaya aure sai ta tafi da ni gidan mijinta, a wani ƙauye da ke cikin kwari, can gefen hanyar Gidigir. Allah bai ba su haihuwa ba, ni ne ɗansu. Mijin nata fataucin kanwa yake yi, yana da ƴan itatuwan dabino a kwarin, kuma mutum ne da ba a cin abinci a gidansa ƙofa a rufe. Shi ya kai ni lakol, wato makarantar boko, da hannunsa, a lokacin da maƙwabta ke ɓoye ƴaƴansu cikin rumbu in an zo ɗaukar yara. Da na gama karatu aka maido ni Gure ina aikin lafiyar dabbobi, Yaya ta sa mini suna likitan awaki. In na je gaishe ta sai ta ce, "Ku shimfiɗa wa likitan awaki tabarma, kada ya yi mana allura." Ko na ɓata rai ba ta fasawa.

A farkon shekarun casa'in sarbis ɗinmu ya talauce ƙwarai. Moto ɗaya gare mu, wato babur, mota ɗaya mai buɗaɗɗen baya, isansi kuwa, man da za a zuba musu, sai an yi sa'a. Amma shef ɗinmu, wato shugabanmu, wani likitan dabbobi da aka turo daga yammacin ƙasar, akwai abin da ba ya wasa da shi: cutar saifa, wadda mu a biro, wato ofis, muke ce wa sharbo. Saniya za ta kwana lafiya lau, da safe ta hau makyarkyata ta faɗi, jini baƙi ƙirin ya riƙa fita ta hanci da dubura, kuma ba ya daskarewa. In aka fasa cikinta sai a tarar saifar ta kumbura ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana cikin ruwa. Dokar aikinmu ita ce kada a fasa ta sam. A yanki ɗan gefen kunne, a shafa jinin a kan ɗan gilashi, a naɗe, a rubuta sunan wurin da ta faɗi, a aika Damagaram, daga can a wuce da shi labo, ɗakin gwaje-gwaje, a Yamai. Gawar kuma a ƙone ta, a binne tokar da zurfi.

Shef yakan zaunar da mu ya yi ta bayani da Hausarsa mai karyewa. Ya ce ƙwayar cutar tana iya kwanciya cikin ƙasa shekaru masu yawa, ta jira ruwan sama ya tono ta, dabba ta haɗiye ta da ciyawa. Ya ce kuma ba iri ɗaya ba ce duka, tana da dangi-dangi, yadda makiyayi ke duban saniya ya ce wannan jar Bororo ce, waccan ta Azawak ce. Masu ilimin abin, in ji shi, suna neman hanyar gane kowane dangi da inda ya fito, shi ya sa kowane gilashi ke da daraja. Ni kuwa wannan magana ta shiga kaina sosai. Ina yawo da gilasan nan a aljihu ina jin kaina wani ne.

Mijin Yaya ya rasu gab da faɗuwar damina, ciwon ƙirji ya kwantar da shi sati biyu. Yaya ta shiga takaba. Abin da ya bari mai daraja bai wuce dabinon nan da wata jar saniya ba, wadda ya fi shekara yana tattalinta. Tun ranar sadakar uku Yaya ta kira wan mijinta ta ce ba za a sayar da saniyar ba, ba za a raba ta gado ba, in dangi sun yarda a yanka ta ranar arba'in. Dangi suka yarda. Ta ce mini, "Auta, mutumin da ya ciyar da garin nan yana raye, ina so kowane gida a ɗora tukunya da sunansa sau ɗaya." Daga ranar ba ta da wata magana sai wannan.

A wannan shekarar ruwa ya sauka da ƙarfi, ya kwashi ƙasar gindin kwarin, ciyawa ta fito shar. Can ake kai jar saniyar kiwo don ta ƙara ƙiba.

Ranar arba'in na makara. Moton sarbis ya ƙi tashi, sai da na sha fama da shi, ban isa ƙauyen ba sai wajen azahar. An riga an yi addu'a, an riga an raba nama. Wan mijin Yaya ya tare ni yana murna, ya ce ai wani abin mamaki ya faru. Da sanyin safiya, tun ba a wasa wuƙa ba, saniyar ta hau rawar jiki ta durƙusa da kanta. Ya ce da gudu ya sa mata wuƙa kafin rai ya fita, kada ta zama mushe. Mutane har suna cewa saniyar ce ta ƙagu ta bi maigidanta.

Na ce ya nuna mini inda aka yanka ta. Jinin na nan a ƙasa, baƙi, bai daskare ba tun safe, ƙudaje sun rufe shi. Na ce ina saifar? Aka ɗauko ta cikin ƙwarya, mahaucin da ya feɗe saniyar ya ce shi dai bai taɓa ganin saifa mai girma haka ba, ya ajiye ta gefe. Ban buƙaci labo ba.

Yanzu da na tsufa na san abin da ya kamata in yi. Da na shiga ɗaki na durƙusa gaban Yaya mu biyu kaɗai, na yi mata bayani a hankali, na roƙe ta ita da bakinta ta aika a dawo da naman, mu sayi wani sa gobe a sake sadaka. Wallahi da ta yarda, don ba ta taɓa son cutar ko ɗan tsako ba. Amma ina! Zuciya ta ɗebe ni. Na faɗa tsakar gidan, mata cike, dangin miji da maƙwabta, Yaya na zaune bakin ƙofar ɗakinta da carbi a hannu. Ban ko gaishe ta ba.

Na ce, "Yaya, kin san abin da kika raba wa mutane? Guba ce! Gara mushe da wannan naman!"

Yaya ta dube ni, ta ce a hankali, "Auta, sadakar mijina kake ce wa mushe?"

Na ce, "Ita fa! Duk wanda ya ci ya mutu, ku kuka kashe shi."

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jan carbinta, ni kuma na fice.

Na tafi wurin bulama, wato maigarin, na ce a yi shela kowa ya dawo da naman. Tsohon ya riƙe baki. Ya ce tun da yake bai taɓa jin an ba da sadaka an bi ta an karɓo ba, kuma ba a bakinsa za a fara ba. Na ce to in ba zai yi ba, gobe jandarmomi za su yi masa. Haka na faɗa wa mutumin da ya girmi ubana. Daga ƙarshe ya ba ni amalanken jaki, ya haɗa ni da ƙanensa, muka shiga gida-gida.

Allah ya taimaka yawancin gidajen sun ajiye naman ne don tuwon dare, ba su ɗora ba. Amma kada Allah ya maimaita mini wannan yammacin. In na yi sallama sai a fito da fara'a, ana zaton na zo godiya, ni kuwa sai in ce a miƙo. Wasu su miƙo suna kallon ƙasa, wasu su jefa cikin amalanken su juya baya. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyar Yaya, wadda ta sha ba ni ɗumame ina yaro. Ta rantse mini ba a kawo mata ba, alhali ina ganin jini na ɗiga daga gefen zanenta. Rabonta da nama tun layya. Na tsaya a kanta har sai da ta kwance ta ba ni, tana kuka.

Da na gama zagaye sai na koma gidan Yaya don in kwashe abin da ya rage. Matan na nan ba su watse ba. Ashe an ware mata hanta tun safe, ita kuma ta sa an ɗora mata yanka biyu a kan garwashi. Ina shigowa ta miƙa hannu ta ɗauka, ko gama gasuwa ba ta yi ba, jini na tsatsafowa.

Ta ce, "Ku shaida. Abin da na ba ku, shi na ci."

Na yi tsalle zan ƙwace, ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Kada ka taɓa ni." Wannan hannun ne ya yi mini wanka, ya ɗura mini koko. Na tsaya kamar an dasa ni, ta cinye duka biyun a gabana.

Na shafa jinin a gilashi, na rubuta sunan kwarin. Muka haƙa rami bayan gari, muka zuba naman da fatar da ƙasar da jinin ya jiƙa, muka tula itace da gazuwal, wato man dizal, muka cinna wuta. Ƙaurin nama ya cika ƙauyen, mutane na tsaye nesa suna kallo.

Washegari na dawo daga Gure da shef da majo, wato babban ma'aikacin jinya, da kwalin allurar penisilin. Aka yi wa duk wanda ya taɓa naman ko ya ɗanɗana. Mahaucin ya riga ya fara jin ƙaiƙayi a hannu, daga baya wani baƙin miki ya fito masa, amma ya warke. Mu kuma muka yi wa shanu da awaki rigakafi, muka sa aka zagaye gindin kwarin da ƙaya. A nan tsofaffi suka tuna cewa a shekarun fari, a daidai wurin nan shanu suka yi ta faɗuwa, aka bar su ƙasa ta rufe.

Yaya kaɗai ta ƙi allura. Majo ya tsaya bakin ƙofarta yana lallashi, ta ce daga ciki ita lafiyarta ƙalau, a kai wa marasa lafiya. Na gane sarai abin da take nufi: in ta miƙa hannu, ta yarda ke nan mushe ta raba da sunan mijinta. Majo ya ce in shiga in roƙe ta, ai ni ɗanta ne. Ni kuwa raina na tafasa tun jiya. Na ce, "A ƙyale ta, tunda ta fi likita sani." Na hau mota muka tafi.

Wannan maganar ita ce ba na iya yafe wa kaina. Ihun da na yi a tsakar gida zan iya cewa tsoro ne ya sa ni. Wannan kuwa ba tsoro ba ne, girman kai ne tsagwaronsa.

Kwana huɗu ina Gure ina jiran ta aiko a ba ni haƙuri, ka ji wauta. A rana ta biyar direban motar kasuwa ya tsaya ƙofar biro ya ce ana nemana a ƙauye, Yaya ba lafiya. Ashe tun kwana biyu take fama da zazzaɓi da ciwon ciki tana ɓoyewa, ta hana matar da ke kwana da ita faɗa wa kowa. Sai da ta yi aman jini sannan asiri ya tonu.

Na same ta kwance, cikin ya kumbura, leɓɓanta sun bushe. Na durƙusa a lokacin da durƙuson ba shi da sauran amfani. Na ce ta tashi mu tafi asibiti. Ta ce mai takaba ba ta kwana a waje. Sai da aka kira liman ya tsaya bakin ƙofa ya ce mata lalura ce, addini ya yarda, sannan ta bari aka ɗauke ta. Muka shimfiɗa katifa a bayan motar sarbis, na rungume kanta a cinyata. Sau biyu motar na kafewa cikin rairayi, muna sauka muna tura ta, ita kuma tana nishi.

A asibitin Gure an yi iyakar ƙoƙari, ban ga laifin kowa ba. Allura, ƙarin ruwa, duk an yi. Majo ya ja ni gefe ya ce in cutar ta kama fata da sauƙi, amma in ta riga ta ci hanji kwana da kwanaki, sai dai addu'a.

Da hantsin rana ta biyu ta buɗe ido ta same ni zaune. Ta ce, "Likitan awaki."

Na ce, "Na'am, Yaya."

"Akwai wanda ya mutu a garin?"

"Babu ko ɗaya."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe da gaskiyarka." Na fashe da kuka, na ce ta yafe mini. Ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, bakina ne dai ba shi da linzami tun ina ƙarami. Sai ta kama hannuna ta ce, "Amma shi fa bai samu sadakarsa ba, Auta. Ba a ɗora tukunya da sunansa ba ko a gida ɗaya. Ka yi masa." Na ce na yi alkawari. Ta rasu bayan la'asar.

Na sa ranar arba'in ɗinta ta zama ta su biyu. Na shiga kasuwar dabbobi ta Gure da kaina na zaɓi sa, na duba idonsa da bakinsa, na tsare shi a gidana sati biyu ina auna zafin jikinsa safe da yamma. Aka yanka shi a gabana a ƙauyen, na ɗaga saifar sama na nuna wa jama'a, lafiyayya sumul. Aka yi addu'a, aka kasa, ni da wan mijin Yaya muka bi gida-gida muna miƙawa. Kowa ya karɓa da hannu biyu, kowa ya ce Allah ya jiƙansu. Na ji kamar an sauke mini kaya.

Da la'asar ta yi sanyi na fito zan hau moto, sai na lura ba ƙamshin miya a garin. Na bi ta bayan danga. Ungulaye sun sauka a wurare uku, karnuka na tono a gindin wani shinge. Na matsa kusa. Naman san da na raba ne, an binne shi sama-sama.

Na shiga gidan tsohuwar nan maƙwabciya. Tana tuƙa tuwo, miyar kuka ce tsura a tukunya. Ba ta yi mini ƙarya ba wannan karon. Ta ce, "Ɗana, addu'a mun yi musu, Allah ya sani. Amma naman gidan nan tsoronsa muke ji. Wancan ma ai da idonmu lafiyayye ne." Na buɗe baki in yi faɗa kamar yadda na saba, na nemi fushin na rasa. Na yi mata sallama na fito.

Bayan wasu watanni takarda ta zo daga Yamai. Shef ya kira ni biro ya ce labo ya tabbatar cutar saifa ce, kuma sun adana abin da na aika, wata rana za a san ko wane dangi ce, a san ko ita ce wadda ke kashe shanu a yankin Alakoss ko dabam take. Ya ce aikin da na yi ya ceci gari. Ya faɗa da zuciya ɗaya, mutumin kirki ne. Na ce masa ya sa takardar a durowa, ba na son ganinta. Ban bar aikin ba, na ci gaba da yawo da gilasan har na yi ritaya, kuma kowace shekara kafin damina ni nake fara isa kwarin nan da allurar rigakafi. Sai dai tun daga lokacin, in zan faɗa wa mai dabba mugun labari, sai na ja shi gefe mun zauna.

Shekarar da ta biyo na yi niyyar sake gwadawa a ƙauyen da rago biyu. Bulama ya aiko tun kafin in taso, ya ce in yi wa Allah in bari, kada in sa mutane yin abin kunya sau biyu. Na kawo gero da sukari a madadin nama, sun karɓa, sun ci. Amma ba wannan Yaya ta roƙe ni ba.

Daga nan sai na koma yin yankan a Gure. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yanka abin da ya sawwaƙa, matata ta dafa, a kai ƙofar masallaci da bakin tasha. Mutane na ci, har su suɗe hannu, su yi godiya. Sannan su tambaye ni wa za su yi wa addu'a, don ba wanda ya san mijin Yaya a cikinsu.